Yadda Ake Haɗa Makunnin Batir Biyu a Jirgin Ruwa Mai Inji

Gabatarwa

Masunta da masu jigilar amfanin gona a tafkunan Kainji, Jebba da Shiroro sukan kwana a kan ruwa. Idan jirginka mai tashi da makulli ne, kuma batir guda ke tada inji, yana ba fitilu wuta, yana cajin wayoyi, to wata rana za ka murza makulli a tsakiyar tafki inji ya ƙi tashi. In hadari ya taso a wannan lokaci, kaya da rayuka duka suna cikin haɗari. Maganin wannan shi ne batir biyu da makunni guda mai zaɓe tsakaninsu.

Abubuwan da Ake Bukata

Batir biyu masu bolt 12, makunni mai matsayi huɗu, wanda aka rubuta masa 1, 2, BOTH da OFF, jar waya da baƙar waya masu kaurin wayar injin, fiyus, sifana, man basilin.

Yadda Ake Haɗawa

1. Ka kashe inji, ka ajiye makunni a OFF. Ka fara cire baƙar waya daga batir, sannan ja.
2. Ka kafa makunnin kusa da batiran, inda ruwa ba ya fantsama, nesa da tankin fetur.
3. Ka ja jar waya daga kan batir na farko mai alamar (+) zuwa ƙusar makunni mai lamba 1. Na biyu kuma zuwa mai lamba 2.
4. Ƙusa ta uku ita ce mafitar wuta. A nan za ka ɗaura jar wayar inji da wadda ke kai wuta ga fitilu. Ka sa wa wayar fitilun fiyus dab da makunnin.
5. Ka haɗa kawunan batiran biyu masu alamar (–) da baƙar waya mai kauri, ka ɗaura baƙar wayar inji a kan ɗayansu. Wannan shi ne aikin ƙarshe.
6. Ka ɗaure kowace ƙusa tamau, ka shafa basilin domin hana tsatsa.

Yadda Ake Amfani da Shi

Ka tada inji a kan 1. Yayin tafiya ka juya zuwa BOTH domin batiran biyu su sami caji. Da ka kashe inji za ka jefa koma ko ka kwana, ka mayar da shi 2. Ta haka batir na farko zai zauna da cikakken ƙarfinsa. Idan na farko ya yi sanyi, ka tada inji a kan 2 kaɗai, domin a BOTH mataccen zai zuƙe mai rai. In ka sauka gaɓa, ka ajiye shi a OFF.

Gargaɗi

Kada ka kuskura ka juya zuwa OFF inji yana aiki, domin hakan na ƙona na'urar cajinsa. Kada ka bar makunni a BOTH bayan kashe inji, batiran biyu za su ƙare tare. Batir na fitar da iska mai kama wuta, saboda haka a nisanta taba da ashana.

Ga malaman gona: kafin damina, ku riƙa auna batiran masunta da mita. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, wanda ya sauka zuwa 12.2 rabin cajinsa ya tafi, a caja shi kafin a shiga ruwa.