Ƙarfin Rediyo Da Ke Zurarewa Kafin Ya Kai Eriya

A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan wayar salula a Jihar Zamfara saboda ta'adin 'yan bindiga, jama'ar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun dogara ne ga akwatin rediyo don sanin halin da ake ciki. Ashe ingancin muryar da ke isa gare su lamari ne na tsaro.

Da zarar murya ta raunana, sai a ce a sayo babbar na'urar watsa shirye-shirye, alhali sau da yawa ɓarnar tana tsakanin na'ura da eriya. Mahaɗin waya da ya yi tsatsa, ko ruwan damina ya shige shi, yakan mayar da ƙarfin lantarki zafi. Haka ma siririn naɗin waya da ake ɗaura wa gajeriyar eriya. Da desibel ake auna wannan asara, kuma desibel 3 kacal rabin ƙarfi ne: tasha mai wat 1,000 sai ta fitar da 500, ga shi an biya kuɗin dizal cif.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ta cancanci ta horar da masu duba waɗannan mahaɗai. Hukumomi kuwa su ware kuɗin gyara tukuna, domin ba a ƙara wa randa ruwa sai an toshe yoyonta.