TIKITIN JIRGIN ƘASA: A SALULA KO A BAKIN TAGA?

Daga Gugaram zuwa Arlit, daga Arlit zuwa Agadas, babu inda kunnen mutum zai ji kukan jirgin ƙasa. Abin mamaki kuwa shi ne, shekaru da dama uranium da ake haƙowa a yankin ya yi ta hawan jirgi, masu haƙo shi ba su hau ba. Tun daga 1971, lokacin da kampanin SOMAIR ya fara aiki, manyan motoci ne suka riƙa ɗaukar kayan zuwa Faraku a ƙasar Benin, daga nan jirgin ƙasa ya kai su bakin teku a Kwatano. Layin dogon da kampanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso, wanda aka buɗe a 2016, bai taɓa yin jigilar fasinja ba.

To amma rashin jirgi a gida bai hana mutanen Ayar gamuwa da shi a waje ba. Ɗan kasuwa mai sarin kaya a Najeriya, da ma'aikacin da aka tura ƙaro ilimi a Faransa, da mai zuwa umara, dukansu tambaya guda ke jiransu: a yanki tikiti ta intanet, ko kuwa a bi layi a tasha?

Darasin Abuja da Kaduna

Misali mafi kusa shi ne jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna, tafiyar kilomita 186, wanda ya soma aiki a 2016. Da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar mota, jama'a suka yi ca a kan jirgi, tikiti ya yi wuya. Sai ga 'yan kamasho suna saye shi tun da sassafe, su saida ma wanda ya makara a kan kuɗin da suka ga dama. Domin magance wannan ne hukuma ta kawo sayen tikiti ta intanet a watan Janairu na 2021.

Amfaninsa a fili yake. Matafiyi zai zaɓi rana da kujera yana zaune a masaukinsa, ya biya farashin hukuma, tikitin ya zo da sunansa. Sai dai in maharbi ya koyi harbi, tsuntsu ma ya koyi tashi: fasinjoji sun ci gaba da kukan cewa kujeru na ƙarewa jim kaɗan bayan an buɗe su, amma a same su a hannun wasu a bakin tasha. Bayan harin ranar 28 ga Maris 2022, an dakatar da jirgin har zuwa Disamba, kuma da ya dawo aka wajabta ma fasinja lambar shaidar ɗan ƙasa. Baƙon da ya taso daga Nijar ba shi da wannan lamba. Shi kam fasfo ne madogararsa, kuma hankali ya ce ya isa tasha da wuri, ya yi magana da ma'aikaci ido da ido.

Tikitin yawo na Turai

A Turai akwai wani irin tikiti na 'yan yawon buɗe ido, wanda ake biya sau ɗaya a yi ta hawan jiragen ƙasashe 33 na tsawon wasu kwanaki. Sunansa Interrail ga mazauna Turai, Eurail ga waɗanda suka zo daga waje, kamar 'yan Nijar. Akasari ta intanet ake sayensa a ajiye shi cikin salula, don ba kowace tasha ke saida shi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, wannan tikiti bai ba mutum kujera a jiragen Faransa masu gudu, wato TGV, sai ya ƙara biyan kuɗin kama wuri, kujerun da aka ware ma masu shi kuma ƙidayayyu ne. Saboda haka ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce zuwa da dawowa tsakanin Paris da Lyon ba, tikitin yau da kullum da aka saya tun da wuri ya fi masa sauƙi. Haka abin yake a jirgin Haramaini da ya haɗa Makka da Madina tun 2018: a lokacin cunkoso, wanda ya kama wuri ta intanet shi ke da tabbacin tafiya.

Babbar matsala ita ce biya. Shafukan nan katin banki suke so, alhali yawancin 'yan kasuwar Arlit da tsabar kuɗi suka saba, ko aike ta Nita da Amana. Wanda ba shi da kati dole ya nemi mai shi, ke nan ɗan kamashon da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Akwai kuma shafukan bogi masu kama da na hukuma, ga salula da kan mutu a daidai lokacin da mai duba tikiti ya iso. Mai hankali kan buga tikitinsa a takarda ya sa a aljihu.

Wannan magana ba ta nesa ba ce. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ranar da jirgin ya iso, fataken arewa na cikin waɗanda za su fara hawansa. Ya dace tun yanzu hukumomin ƙasashen biyu su tanadi hanyar biya da kuɗin sefa ta salula, su amince da takardun shaida na kowane ɓangare, su kuma bar taga a buɗe domin wanda bai iya karatun boko ba. In ba haka ba, mutumin Gugaram zai sake zama ɗan kallo, kaya su shiga jirgi, shi yana tsaye a bakin tasha.