Hawan Mambila Zuwa Matsirgar Ruwa

Mutumin Mashi da ya tashi cikin rairayi da fili shimfiɗe tsakanin Katsina da Daura, da wuya ya gaskata cewa a cikin Nijeriya akwai ƙasar da ake kwana da bargo a watan bazara. To akwai ta, ita ce tsaunin Mambila a Jihar Taraba, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 1,600. Ƙasar ta shigo Nijeriya ne a 1961 bayan ƙuri'ar raba-gardama, aka sa ta cikin Lardin Sardauna. Can ake noman shayi a Kakara, can kuma gahawa ke yi, domin itacenta na son sanyi da tudu. Malamai sun san asalinta Habasha ne, ta ƙetara Yaman, inda masu raya dare suka riƙe ta tun ƙarni na 15.

Hanya doguwa ce, kada wanda ya ce zai yi ta yini guda. Daga Kano sai Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, sa'an nan Bali da Serti, har Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan mota ke kama hawa mai kwana-kwana zuwa Maisamari da Nguroje da Gembu, garuruwan da Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama.

Amma abin da muke so a lura da shi, shi ne yinin fita kallon ruwa. Koguna irin su Donga daga bisa tsaunin nan suke gangarowa, suna zuba a kwazazzabai masu zurfi. Kada baƙo ya tafi shi kaɗai. A nemi ja-gora ɗan ƙasa mai jin Fulatanci, a daidaita ladansa tun da dare, a gai da mai gari kafin a bi ta ƙasarsa. Turbobin suna ratsa gonaki da makiyayar shanu, kuma rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayuka a nan a 2017; wanda ya karya shinge don rage hanya ya jawo wa kansa magana.

A fita da asuba, a ƙuduri niyyar juyowa kafin azahar, ko an isa ko ba a isa ba, gama hazo yakan rufe tudu ba sallama. Guzuri kaɗan ya isa, sai sanda da rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa. Fade na kasuwa ba shi da amfani a kan dutse mai gansakuka.

Da damina ruwan ya fi ban sha'awa, nan ne kuma ya fi haɗari, domin ana iya yin sama a can nesa, rafi ya cika ya tarar da mutum a tsakiyarsa. Ga dattawa da baƙi, Disamba da Janairu sun fi.