Sanyin ƙarƙashin ƙasa: Yadda zai iya rage zafin gine-gine a Kauru da Kudancin Kaduna

Masu jan ruwa a rijiya sun san cewa da asubar hunturu ruwan yakan fito da ɗumi, da tsakar ranar bazara kuma ya fito da sanyi. Ruwan nan bai sauya ba, iskar waje ce ta sauya. Daga zurfin kimanin mita 10, ɗumin ƙasa yakan tsaya kusan wuri guda duk shekara, daidai da matsakaicin zafin yankin. A Kauru da Kafanchan wannan yana kusa da digiri 25 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 33.

A kan wannan tazara aka gina na'urar da ke musayar zafi tsakanin gini da ƙasa, wadda take sanyaya ɗaki a lokacin zafi, ta ɗumama shi a lokacin sanyi.

Yadda take aiki

Na'urar ba ta ƙirƙirar sanyi. Ɗauke zafi take yi daga wuri ta kai shi wani wuri, kamar yadda firiji ke kwashe zafin abinci ya fitar da shi ta bayansa. Na'urar sanyaya ɗaki ta yau da kullum tana zubar da zafin ɗaki ne a iskar waje, wadda ita ma ta riga ta yi zafi, don haka injin yake wahala yana shan wuta. Ita kuwa wannan, cikin ƙasa mai sanyi take zubar da shi.

Ana binne bututun roba mai ƙarfi, ruwa yana zagayawa a cikinsa. Inda fili ke da yawa, akan shimfiɗa shi a kwance cikin rami mai zurfin mita 1 zuwa 2. Inda fili ya yi ƙaranci, sai a haƙa ramuka irin na rijiyar burtsatse, masu zurfin mita 30 zuwa 150. Da sanyi ya shigo sai a juya aikin, na'urar ta jawo ɗumin ƙasa zuwa cikin gida. Kowane awo ɗaya na lantarki da ta sha yana iya motsa awo 3 zuwa 5 na zafi. Bututun da aka binne yakan haura shekara 50 yana aiki, injin da ke cikin gida kuma ya kai shekara 20 ko fiye.

Wannan fasaha daban take da samar da lantarki daga tururin can cikin ƙasa, irin na Olkaria a Kenya, kuma ba ta buƙatar maɓuɓɓugar ruwan ɗumi irin ta Wikki a Yankari. Ƙasar da ke ƙarƙashin kowane gida ta wadatar.

Inda ta samo asali

Masanin kimiyyar Birtaniya, Lord Kelvin, ya bayyana tunanin a 1852. Injiniya Heinrich Zoelly na Suwizalan ya yi rajistar ƙirar da ke jawo zafi daga ƙasa a 1912. A yau ta fi yaɗuwa a Amurka da Sin da Suwidin da Jamus. Jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana ta Amurka ta fara haƙa ramuka kimanin 3,600 a 2009 domin gine-gine 47, ta kuma daina ƙona kwal a 2014.

Me ya shafi Kudancin Kaduna?

A rahotonta na 2018, Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce na'urorin sanyaya ɗaki da fanka suna cinye kusan kashi 10 cikin 100 na lantarkin duniya. A Najeriya, cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya tsananta tsadar kunna janareta, sannan a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane awo. Ga asibiti ko makaranta a Kafanchan ko Kauru, duk abin da zai rage wutar sanyaya ɗakin haihuwa ko ma'ajiyar magani yana da daraja.

Sai dai akwai cikas uku. Na farko, yankin yana zaune ne a kan dutse mai tauri. Dutsen yana watsa zafi sosai, abin da ke taimakon na'urar, amma haƙa shi na da tsada, kamar yadda masu haƙa burtsatse suka sani. Na biyu, a Turai ana zuba zafi a ƙasa da bazara, a kwashe shi da hunturu, sai lissafi ya daidaita. A nan kuwa sanyayawa ake buƙata kusan duk shekara, in ban da 'yan makonnin hunturu a wuraren da ke kusa da tsaunukan Filato. Idan ana ta zuba zafi ba a kwashewa, ƙasar da ke kewaye da bututun takan ɗumama a hankali, ƙarfin na'urar ya ragu. Maganinsa shi ne a ƙara yawan ramuka da tazarar da ke tsakaninsu, ko a karkatar da zafin zuwa dafa ruwan wanka da wanki, wanda asibitoci ke buƙata kullum. Na uku, na'urar ba ta aiki sai da lantarki, don haka a ƙauyukan da wuta ba ta tsayawa dole a haɗa ta da sola.

Hanya mafi sauƙi

Akwai ƙanwar wannan fasaha da ba ta buƙatar injin mai tsada. Ana binne bututu mai faɗi a zurfin mita 2 zuwa 4, iskar waje ta ratsa ta ciki ta huce kafin ta shiga ɗaki, da taimakon ƙaramar fanka. Masanin zanen gine-gine Diébédo Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya lashe kyautar Pritzker a 2022, ya sanya irin wannan dabara cikin tsarin makarantar sakandare ta ƙauyensu Gando, inda zafin bazara ya fi na Kudancin Kaduna.

Ita ma tana da sharuɗɗa. Damina a yankin tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma iska mai laima takan bar raɓa a cikin bututu. Idan ba a karkata shi yadda ruwan zai tsiyaye ba, sai ya yi fumfuna, ya cutar da masu numfashi. Dole kuma a toshe mahaɗansa da kyau, domin ƙasa mai duwatsu takan fitar da iskar radon mai illa ga huhu.

Kafin a kai ga haƙa, magina na da darasi a gida. Soron Hausa mai kaurin bango na tubali da rufin azara yana jinkirta shigar zafin rana har dare ya yi. Ginin bulo mai rufin kwano ba tare da sili ba kuwa, kowace na'ura aka sa masa za ta yi ta fama. Inuwar bishiya, rufi mai kariya da tagogin da iska ke ratsawa su ne matakin farko. Bayan su ne bututun ƙasa zai yi amfani a ajin makaranta ko ƙaramin asibiti, yayin da cikakkiyar na'urar ta fi dacewa da manyan gine-gine da ke sanyaya ɗakuna dare da rana, inda rarar kuɗin wuta za ta iya biyan kuɗin haƙa cikin shekaru.