Ɗan Hutar da Kunne: Raina Kama Ka Ga Gayya

Yau za mu tattauna kan wani ɗan abu da tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, amma ya share wa ma'aikatan asibiti hawaye.

Za ki iya tunawa, cutar korona ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2020, ta iso Kano a watan Afrilu, har aka hana fita. A lokacin likitoci da nas-nas da ungozomomi, irin na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, kan wuni da takunkumi a fuska. Ke da kika sa shi na awa ɗaya zuwa awon ciki ma kin san yadda igiyarsa ke cin bayan kunne. To, ina ga wadda za ta kwana da shi a bakin aiki? Fata kan saɓule, wani lokaci har ta zama gyambo. Kuma matsalar ba ta tsaya ga zafin ba. Duk sanda kunne ya dame ta, hannu zai kai ga takunkumin, ta ja nan, ta sassauta can, ƙwayar cuta kuwa ta sami hanya.

Dabarar da aka ɓullo da ita mai sauƙi ce. Ɗan sillen roba ne mai ƙugiyoyi a gefe biyu, a ɗora shi a ƙeya, a maƙala igiyoyin takunkumin a jikinsa. Shi ke nan kunne ya huta, nauyin ya koma bayan kai. Ƙugiyoyin hawa-hawa ne, kowa ya zaɓi daidai kansa. Ga mai hijabi kuwa abin ya zo daidai, don za ta ɗaura takunkumin ta saman hijabinta ba sai ta lalubo kunne ba. Matan Indunusiya da Malesiya sun yi amfani da irinsa sosai.

Yaya ake yin sa? Kin san masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda ake yin bokiti da buta da takalman da muke sawa. A can narka roba ake yi, a ɗura ta cikin wani mazubin ƙarfe mai siffar abin da ake so. Ƙera mazubin kan ci kuɗi da lokaci, annoba kuwa ba ta jira. Shi ya sa a 2020 aka juya ga na'urar leza, mai yanka da wani siririn haske mai tsananin zafi. A zana siffar a kwamfuta, a shimfiɗa fallen akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi da ake allunan shaguna da ita, mai kaurin milimita 3, sai hasken ya bi zanen ya yanke, kamar yadda tela ke bin alli da almakashi. A shekarar, wani kamfani a Amurka mai suna Glowforge ya raba zanen kyauta, masu na'urar suka riƙa yankawa suna kai wa asibitoci.

Idan irinsa ya zo hannunki, ki wanke shi da ruwa da sabulu kawai. Kada ki goge shi da sifirit, yana sa akirilik ya tsattsage.

Korona ta lafa, amma takunkumi na nan. Ga masu jinyar tarin fuka, ga mashaƙo da ya addabi Kano a 2023, ga ƙurar hunturu. Kuma albishirinki, ba sai da na'ura ba. Ki sami ƙyalle mai ƙwari, ki ninka shi, tsawonsa kamar santimita 15, ki ɗinke, ki dasa babban maɓalli a kowane gefe. Mai saƙa kuma ta saƙa da zaren ulu. Sai dai shi na ƙyalle yana shan gumi, don haka ki yi biyu ko uku, a wanke kullum a shanya a rana, kuma kowa da nasa, ban da aro.

Kina cikin ɗakinki, sai ki hutar da kunnen 'yarki ko ƙanwarki mai aikin asibiti, ki kuma ba yara su kai maƙwabta ki sami na sabulu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.