Zuciya da hankali: Yadda tsoro ke juya tunanin mutum, da darasin da ke cikin rikicin Jos

Duk wanda ya taɓa zama a Jos ya san irin wannan rana. Ana tsakiyar ciniki a Taminus, sai tayar wata mota ta fashe, ko wasu samari su ruga da gudu saboda wata rigimarsu ta daban. Kafin ƙiftawar ido an fara rufe shaguna, masu Keke Napep sun juya akala, iyaye sun nufi makarantu ɗauko 'ya'yansu, wayoyi kuma sai ruri suke yi da kalmomi biyu: "An fara." Bayan sa'a guda ƙura ta lafa, a tarar babu abin da ya faru.

Kuskure ne a ɗauki wannan gudu a matsayin wauta. Garin ya ga abin da ya gani. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1,000 ne suka rasa rayukansu a rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, sannan aƙalla 700 a na ƙarshen Nuwamban 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Aka sake yin wani a Janairun 2010. A yankin Taminus ɗin nan ne kuma bama-bamai biyu suka tashi ranar 20 ga Mayun 2014, suka hallaka aƙalla mutum 118. Bahaushe ya riga ya faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin tambaya shi ne, me ke faruwa a cikin kan mutum tsakanin ƙarar tayar da ɗaga ƙafarsa? Wannan na cikin tsofaffin tambayoyin ilimin halayyar ɗan Adam, fannin da Jami'ar Jos ke da sashe guda domin koyar da shi: yaya motsin rai, wato tsoro da fushi da farin ciki da baƙin ciki, ke cuɗanya da tunani, wato lura da tunawa da yanke shawara?

Mai aikin fassara yakan fara cin karo da amsar tun a cikin harshe. Hausa tana da zuciya, tana da hankali, kuma sau da yawa muna maganarsu kamar kishiyoyi: zuciya ta ɗebe shi, hankalinsa ya gushe. Amma kalmar da muke kiran tarzoma da ita, ita ce kuma muke kiran fargabar da ke hana mutum barci: tashin hankali. Zaman lafiya kuwa kwanciyar hankali ne. Harshen bai raba abin da rai ke ji da abin da kai ke tunani ba. Masana sun shafe fiye da shekara 100 suna gardama kafin su iso kusa da wannan matsayi.

A 1884 masanin Amurka William James ya kawo wani ra'ayi da ya saɓa wa abin da kowa ya ɗauka. A ganinsa jiki ne ke fara motsawa, gaba ya faɗi, ƙafa ta ɗauka, sannan mutum ya ji wannan sauyi na jikinsa ya kira shi tsoro. A 1962 Stanley Schachter da Jerome Singer suka yi wa wasu ɗalibai allurar sinadarin adiranalin mai sa bugun zuciya ya ƙaru, suka zaunar da su tare da wani mutum da aka shirya, wanda ko dai ya yi ta raha ko ya yi ta faɗa. Suka kammala da cewa idan jiki ya motsa mutum bai san dalili ba, yakan duba na kusa da shi domin sanin sunan abin da yake ji. Masu bincike na baya ba su samu sakamako mai ƙarfi kamar yadda aka yayata ba, amma tushen maganar ya tsaya: fassarar da mutum ya yi wa al'amari tana cikin abin da ke haifar da motsin ransa. A farkon shekarun 1980 Robert Zajonc da Richard Lazarus suka yi ta musayar rubutu kan wanne ke gaba, jin rai ko tunani.

Binciken ƙwaƙwalwa ne ya nuna cewa kowannensu yana da rabon gaskiya. Joseph LeDoux na Jami'ar New York, wanda ya yi aikinsa a kan ɓeraye, ya gano cewa saƙon haɗari yana bin hanyoyi biyu. Akwai gajeriya, wadda ke kai shi kai tsaye ga wani ɗan sashe da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, mai suna amigdala, wanda ke ɗaura wa jiki ɗamara nan take. Akwai kuma doguwa, da ke bi ta sassan da ke tantance abin da aka gani ko aka ji. Gajeriyar tana da sauri amma ba ta bambance maciji da tsumma, ko bam da taya. Doguwar ce ke zuwa daga baya ta ce a tsaya. A kasuwa mai cunkoso, kafin ta iso, gudun mutum ɗaya ya riga ya zama hujjar gudun mutum goma.

Daga nan wani zai ce to a kawar da zuciya, a bar hankali ya yi aikinsa. Likitan ƙwaƙwalwa Antonio Damasio ya nuna cewa hakan ba mai yiwuwa ba ne. A littafin da ya wallafa a 1994 ya kawo labarin majinyatan da suka samu lahani a gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi. Basirarsu tana nan, lissafinsu daidai, amma abubuwa sun daina taɓa musu rai. Maimakon su zama gwanayen yanke shawara, sai rayuwarsu ta dagule. Ɗaya daga cikinsu ya shafe kusan rabin sa'a yana auna ranaku biyu da aka ba shi ya zaɓi wadda zai dawo asibiti. Motsin rai ne ke sanar da hankali abin da ke da muhimmanci. Matsalar tana tasowa ne idan tsoro ya yi yawa, ya daɗe, ya kuma samu abin ci kullum.

A nan ne maganar ta dawo Jos, ta fuskoki biyu da suka fi shafar zaman jama'a.

Ta farko ita ce jita-jita. Tun a 1947 Gordon Allport da Leo Postman suka bayyana cewa yaɗuwarta tana dogara ga abu biyu a haɗe: muhimmancin lamarin ga mai ji, da duhun da ke tattare da shi. Idan ɗaya ya ɓace, ta mutu. A garin da aka taɓa zubar da jini, muhimmancin ba ya raguwa, domin maganar rai ce. Abin da hukuma da 'yan jarida ke iya ragewa shi ne duhun. Shi ya sa shirun sa'o'i uku daga jami'an tsaro bayan an ji ƙarar harbi ba ƙaramin abu ba ne: WhatsApp ba ya jiran sanarwa. Mai tsoro kuma ba ya auna labari da sikelin da yake aunawa ranar da hankalinsa ke kwance. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna a 1973 cewa mutum yakan ƙiyasta yiwuwar abu gwargwadon saurin zuwan misalinsa a rai, kuma babu abin da ke zuwa da sauri kamar abin da ya taɓa firgita shi.

Ta biyu ta fi wuyar karɓa, ita ce tunawa. Ranar 12 ga Satumban 2001, lokacin da Jos ke tsakiyar nata bala'in, wasu masana biyu a Jami'ar Duke ta Amurka, Jennifer Talarico da David Rubin, suka tara ɗalibai 54 suka rubuta yadda suka samu labarin harin da aka kai New York kwana ɗaya kafin nan, da kuma wani abu na yau da kullum da ya same su a kwanakin. Aka sake tambayarsu bayan mako 1, ko 6, ko 32. Labaran biyu sun zaizaye daidai wa daida, bayanai sun ɓace, wasu sun sauya. Bambancin kawai shi ne, a kan labarin harin, ɗaliban sun ci gaba da tabbatar wa kansu cewa suna tuna komai tamkar yanzu ake yi. Firgici yana ƙara wa mutum yaƙini, ba lallai ya ƙara masa daidaito ba. Wanda ya saurari mazauna Unguwar Rogo da na Unguwar Rukuba suna ba da labarin rana ɗaya zai ji labarai biyu, kowane ɓangare a shirye yake ya rantse. Ba dole ba ne a ce wani ya yi ƙarya da gangan. Wannan bai rage komai daga gaskiyar rayukan da aka rasa ba, kuma bai wanke wanda ya yi kisa ba. Yana dai bayyana dalilin da ya sa tambayar wa ya fara ke da wuyar rufewa ko bayan kwamitocin bincike sun zauna.

Bai kamata a ɗora wa ilimin halayya abin da ba nasa ba. Rikicin Jos yana da tushe a siyasa, da mallakar ƙasa, da takardar shaidar zama ɗan asalin wuri, kuma babu nazarin ƙwaƙwalwar da zai warware waɗannan. Abin da fannin ke iya bayyanawa shi ne yadda tsoro ke ci gaba da aiki bayan an daina faɗa. Tun daga 2001 dubban iyalai sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, kowa ya koma cikin masu addininsa. Ga iyali ɗaya wannan dabara ce mai ma'ana. Ga gari kuwa, tana nufin yara sun taso ba su san na ɗaya unguwar ba sai ta bakin labari. Likitocin da ke kula da masu ciwon firgici sun san cewa guje wa abin tsoro yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana hana ƙwaƙwalwa samun damar koyon cewa haɗarin ya wuce.

Shin haɗa mutane wuri guda yana magani? Gwamnatin Filato ta kafa Hukumar Samar da Zaman Lafiya a 2016, ƙungiyoyi da dama kuma sun daɗe suna shirya wasannin ƙwallo da tarukan matasa bisa wannan fata. Gwaji mafi kusa da aka yi da ma'auni na kimiyya a Kaduna aka yi shi, garin da ya rabu irin rabuwar Jos. Alexandra Scacco da Shana Warren sun bibiyi matasa maza sama da 800, Musulmi da Kirista, aka bai wa wasunsu horon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin masu addini ɗaya. Sakamakon da suka wallafa a 2018 bai yi wa kowa daɗin baki ba. Ra'ayin matasan game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba da baƙin da ba su sani ba, 'yan aji mai gauraye sun nuna ƙarancin wariya fiye da 'yan ajin addini ɗaya. Da masu binciken suka duba sosai, sai suka tarar cewa bambancin ya samo asali ne daga ajin addini ɗaya: waɗanda suka yi mako 16 tare da nasu kaɗai sun fito suna nuna wariya fiye da matasan da ba su shiga horon ba sam.