Albasar kura ba albasar miya ba ce

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Damagaram, idan bazara ta yi nisa, dabbobinmu na cin duk wani kore da suka gani. A daidai wannan lokaci ne wani tsiro ke leƙowa a daji. Kakanninmu sun raɗa masa suna albasar kura, wasu su ce albasar gizo. Tun a 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel ya rubuta waɗannan sunaye cikin littafinsa na tsirran ƙasar Hausa. Masana kuwa suna kiran irinta Drimia.

Ina asalinta?

Albasar kura ƴar ƙasa ce, babu wanda ya kawo ta. Tana fitowa da kanta a dazuzzukan Afirka, tun daga Senegal har Habasha, har Afirka ta Kudu. Akwai wani irinta har a ƙasar Indiya. Wata ƴar'uwarta na fitowa a bakin tekun Bahar Rum, wadda a da ake haɗa gubar ɓera da ita.

Albasar miya ita ce baƙuwa. Asalinta tsakiyar Asiya ne, kuma danginta na daji suna nan har yau a duwatsun Iran da maƙwabtanta. Mutane suka yi ta yawo da irinta har ta zauna a garake irin na Mirya da Gidimuni, da kuma Galmi ta jihar Tawa, wadda albasarta ta yi suna har Gana da Kodebuwa. Sunan kawai ya haɗa su biyun. Kama da wane ba wane ba ne.

Yaya za mu gane ta?

Na ɗaya, mu shinshina. Albasar kura ba ta da warin albasa.

Na biyu, mu dubi ganye. Lawashin albasar miya yana da rami a ciki kamar bututu. Ganyen albasar kura shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da rami.

Na uku, mu lura da fure. Ta daji takan fara fitar da kara tun ganye bai fito ba, ƙananan furanni suna jere a jikinsa. Furen albasar miya kuwa dunƙule yake a kan kara.

Na huɗu, ruwanta yana sa ƙaiƙayi a fata.

Ina haɗarinta?

Kanta da ke cikin ƙasa yana ajiye ruwa da abinci duk tsawon rani. Shi ya sa take riga ciyawa tsirowa, akuya ko saniya mai jin yunwa ta faɗa mata. Akwai dafi a kai da ganye da fure, kuma zuciya yake kamawa. Dabbar da ta ci takan yi zawo, cikinta ya kumbura, ƙarfinta ya ƙare, wani lokaci ta mutu. Mutum kuma sai amai da zawo da jiri, bugun zuciyarsa ya rikice. Dafawa ko shanyawa ba su sa a amince da ita.

Me ya kamata mu yi?

Mu nuna wa yara masu kiwo ita, su san ta da ido. Mu kauce da dabbobi daga inda take da yawa, har ciyawa ta kama. Idan muka tone ta a gona, mu ƙone ta, kada mu yar inda dabba za ta samu, sannan mu wanke hannu da sabulu. Kada mu jiƙa ta mu sha da sunan magani.

Idan yaro ya ci, mu kai shi gidan likita nan take, tare da sauran abin da ya ci. Idan dabba ce, mu kira ma'aikacin kiwo. Rigakafi ya fi magani.